Wane madubi zan ɗora wa bindigar gandu don ganin almuru?

Mai Awaki, San Angelo: Salamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar bindiga a nan Amurka. Ina da ɗan gandu eka 90 a kudu da San Angelo a jihar Texas, awaki da tumaki nake kiwo, yawancin masu sayen dabbobina 'yan'uwa ne daga Dallas da Houston, lokacin layya ko suna. Tun da awakin suka fara haihuwa watan jiya na rasa 'ya'ya 7. Koyoti ne, dabbar nan da ta fi dila girma amma ba ta kai kyarkeci ba. Ba ya zuwa da rana, sai rana ta faɗi da kamar minti 20, daidai na sallame magariba, ko kuma da duku-duku. Bindigata Ruger Mini-14 ce, wadda suke kira Ranch Rifle, harsashi .223. Madubin da ke kanta da shi na saye ta a hannu, 3-9x32 ne na araha. Da rana lafiya lau. Da almuru kuwa in na leƙa kamar ta cikin ruwan kunu nake kallo, idona kawai ma ya fi shi gani. Shekaranjiya na hango abu yana bin shinge, na ɗaga bindiga, na nemi layin saiti na rasa, baƙi ya haɗu da baƙi. Na ware dala 600, in ta kama dole in kai 800. Harbina bai wuce yadi 150. Me zan saya?

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Yaya kada ka wahalar da kanka, nemi mai ƙaton baki, 6-24x50 ko ma 56. Girman gilashi ai shi ne haske. Na ga irinsu a intanet ko dala 150 ba su kai ba, har da fitila ja da koriya a ciki. Sauran kuɗin ka ƙaro akuya.

Tsohon Soja: Ƙanena direba, irin wannan shawarar ce ta sa nake da madubai 3 a kwali cikin gareji, ba mai amfani ko ɗaya. Na farkon da na saya bayan na bar aiki irin wanda ka faɗa ne, dogo kamar taɓarya. A cikin shago, ƙarƙashin fitilu, na leƙa na ga komai tangaran. Ranar da na fita da shi da asuba cikin sanyin Disamba, ina fito da shi daga mota mai ɗumi gilashin ya yi gumi ta ciki. Ta ciki fa, inda hannu ba ya kai wa. Na zauna ina kallon hazo har rana ta fito. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan me mutum zai yi da ninki 24 a yadi 150? Koyoti ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. A ninki 6, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a madubin naka, in ya ɓullo a yadi 30 yana sassarfa, gashi kawai za ka gani ya gifta.

Direban Tirela: To Baba, amma ai ba ƙarya na yi ba, babban gilashi ya fi tara haske.

Injiniya: Ba ka yi ƙarya ba, rabin maganar ka faɗa. Bari in sa lissafi, ba shi da wuya. Lambar ƙarshe a sunan madubi, 32 ko 40 ko 56, faɗin gilashin gaba ce a milimita. Lambobin farko kuma yawan ninkin da yake jawo abu kusa. In ka raba faɗin gilashi da ninkin da ka sa, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke fitowa ta baya ya shiga idonka. Kowa na iya ganinsa: riƙe madubin nesa da fuska iya tsawon hannu, ka fuskanci farin bango, za ka ga ɗan da'irar haske a gilashin baya. Murɗa ninki sama, da'irar tana tsukewa a gaban idonka.

Na Mai Awaki 32 ne. A ninki 9 hasken bai kai milimita 4 ba, 3.6 ne. Na direba, 50 a ninki 24, milimita 2 da ɗigo, kamar ka leƙa ta kafar allura. Mai 40 a ninki 6 kuwa yana ba da 6.7. Shi ya sa maharban Jamus da ke zaman jiran aladen daji a farin wata suka daɗe da riƙe 8x56, don 56 a raba 8 ya ba da 7 cif, iyakar buɗewar idon saurayi a duhu.

Yaya Mai Awaki, kafin ka kashe ko sisi, yau da magariba ka mayar da naka ninki 4 ka leƙa. Ina zargin a 9 ka bar shi.

Mai Awaki, San Angelo: Wallahi a 9 yake tun ranar da na yi saiti. Ban taɓa murɗa shi ba.

Anti Nas, asibitin ido: Sannunku. Ni ban san bindiga ba, amma ido aikina ne shekara da shekaru. Injiniya ya ce 7 iyakar idon saurayi, to a ja layi a ƙarƙashin saurayi. Ƙofar ido tana tsukewa da shekaru. Wanda ya ba 50 baya, galibi tasa ba ta wuce milimita 5 ko kusa da haka ko da a duhu. Duk hasken da ya fi ƙofar faɗi a gefe yake zuba, ba ya shiga. Malam Mai Awaki shekarunka nawa, in ba sirri ba ne?

Abu na biyu, ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma leƙa waya sau ɗaya yana mayar da kai baya. In kana zaune kana jiran dabbar kana karanta saƙonnin zauren nan, madubin dala dubu ma ba zai cece ka ba. Kuma duk wanda ya ga ganinsa na dare ya ragu da sauri, ko fitilun mota sun fara yi masa rawani, ya je a duba masa yanar ido kafin ya ɗora wa gilashi laifi.

Mai Awaki, San Angelo: Anti, 54 nake bana. Maganar waya kuma kin kama ni dumu-dumu.

Injiniya: To lissafi ya sauƙaƙa. Idan idonka 5 yake buɗewa, gilashin 40 zai cika shi har ninki 8. Gilashin 56 yana tara haske kusan ninki biyu na 40, gaskiya ne, amma ribarsa gare ka ita ce kawai ka iya kai wa ninki 11 ba tare da hoton ya dushe ba. A yadi 150 wa ke bukatar 11?

Inda kuɗinka ya kamata su tafi shi ne shafen da ke kan gilasan. Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske a kowace fuska. Madubin bindiga yana da gilasai da yawa a jere. A ce fuska 12, lissafa ka gani, kashi 61 ne kawai zai iso idonka, sauran kuma yana yawo a cikin bututun yana zama wannan ruwan kunun da ka ce. Wani masani a kamfanin Zeiss da ke Jena, Alexander Smakula, shi ya fito da shafen hana wannan asarar a 1935. Yau masu kyau suna wuce kashi 90. A kwali ka nemi wanda aka ce an shafe dukkan fuskokin gilasansa, shafi a kan shafi. Na araha sukan shafe na waje kawai, wanda mai saye zai gani yana ƙyalli.

Kuma kada mai shago ya ce maka bututu mai milimita 30 ya fi mai inci 1 shigar da haske. Faɗin bututu wurin murɗa saiti yake ƙarawa.

Tsohon Soja: Injiniya ya gama da haske, ni in koma kan bindigar kanta, don na riƙe irinta. Ruger sun fito da samfurin Ranch a 1982 ne musamman don a ɗora masa madubi, mazaunin zobban da ke riƙe madubin a jikin ƙarfen yake, kuma kwanson harsashi gefe yake fita. Bindiga ce mara nauyi, wajen fam 7, an yi ta don a jefa a mota a zagaya shinge. Ka ɗora mata mai baki 56, dole ka sa dogayen zobba don kada gilashin ya taɓa murfin bututun bindigar. Da ka yi haka madubin ya tashi sama, kuncinka ya bar jikin katako, kana lilo da kai kana neman hoto. Da rana za ka lallaɓa. A duhu, daƙiƙa 3 ɗin da koyoti zai ba ka sun ƙare kana nema.

Ni a ganina 2-10x42, ko 3-9x40 mai gilashin kirki, a kan zobba mafi ƙasa da za su shiga. Amma abin da ya kayar da kai shekaranjiya ba haske ba ne kaɗai, da bakinka ka ce layin saiti ya ɓace. Siririn layi baƙi a kan dabba mai duhu a gindin itacen meskit ba ya ganuwa ko a wane madubi. Magani biyu ne: ko layi mai kauri irin wanda ake kira na Jamus lamba 4, sanduna uku masu kauri suna nuna tsakiya, ko kuma ɗigon wuta guda ɗaya a tsakiya. Ɗigo fa, ba dukkan layukan su kama da wuta kamar motar amarya ba. Kuma abin dubawa shi ne iya dushewarsa. Na banza ko a lamba 1 yana haske har ya rufe dabbar.

Ɗan Maharba, Bauci: Ina ta karatu ina murmushi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da adaka da fitilar goshi ya yi farauta shekara sama da 30. Ƙwayar ido kawai yake gani tana ƙyalli a duhu, daga tazarar idanun da tsayinsu daga ƙasa ya san gada ce ko muzuru. Ku kuwa sai lissafin milimita. Amma tsakani da Allah abin ya burge ni. Kawu soja, cikin madubai 3 da ke kwalin nan ba za a sa mini ɗaya a kayan wani mai zuwa gida ba?

Shugaban Zaure: Allah ya jiƙan Baba. Amma maganar aike a bar ta nan, ko da wasa. Fitar da madubin bindiga daga Amurka sai da izinin gwamnati, na ganin dare da na zafin jiki kuwa dokarsu ta fi tsanani. A can gida ma kowa ya san yadda hukuma ke kallon duk abin da ya shafi makami a filin jirgi. Kada wani ya jefa ɗan'uwa cikin bala'i saboda kwalin gareji.

Tun da na sa baki, in ƙara tunatarwa ga sababbin zuwa. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga, amma wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai in ya shiga cikin 'yan keɓantattun da aka ware, kamar mai lasisin farauta mai aiki. A Texas kuma duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau, in zai yi farauta, ana neman ya yi kwas ɗin koyon farauta.

Ɗan Maharba, Bauci: Na janye, ranka ya daɗe. Adakar ma tana rataye, ta zama kayan tarihi.

Ɗan Katy: Ku yi haƙuri dattawa, duk wannan zancen gilashi tsohon yayi ne. Madubin zafin jiki shi ne magana. Ba ruwansa da rana ko wata, dabba tana fitowa fara fat a allo ko da tsakar dare. Muna fita da abokai harbin aladen daji a gonakin shinkafa yamma da Houston, ba wanda ke amfani da gilashi. Aladun nan sun haura miliyan 2 a jihar nan, shi ya sa tun Satumban 2019 ko lasisi ba a nema in a filin mutum ne kuma mai filin ya yarda. Kawu Mai Awaki ka ƙara kuɗi kaɗan ka huta.

Direban Tirela: Kai kuma me kake yi da alade?

Ɗan Katy: Ɓarna suke wa manoma, mu harbe, masu ci su kwashe. Ko taɓawa ba na yi.

Tsohon Soja: Ɗana, kaɗan ɗin nan nawa ne? Na zafin jiki da za a dogara da shi ya wuce kuɗin da mutumin nan ya ware, wanda ke cikin kuɗinsa kuma allonsa dusu-dusu ne. A gonar shinkafa duk abin da ya yi fari da dare alade ne ko barewa, kuma siffarsu ta bambanta. Shi kuwa garke gare shi. Na taɓa leƙa na wani aboki a gandunsa, na ga farin abu a kwance a yadi 120, na rantse koyoti ne ya laɓe. Yatsana na kan kunama abin ya miƙe, sai ga ɗan maraƙi yana miƙa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na'urar tana gaya maka akwai mai rai a can, ba ta cika gaya maka ko wane ne ba, balle ta nuna maka wayar shinge ko abin da ke bayan dabbar. In kuɗi sun samu nan gaba, ya sayi ƙaramin na hannu don leƙe, bindiga kuma ta zauna da gilashinta, don da rana ma ita zai ɗauka.

Ɗan Katy: Na sababbin nan sun fi wanda ka leƙa nesa ba kusa ba, Baba. Amma na yarda ba a dala 600 ba.

Hajiya, Fort Worth: Ni tambayata daban. Alhaji, dare nawa za ka kwana a waje da bindiga? Ka kashe ɗaya, wani ya gaje wurin. Mu da muka yi kiwon tumaki shekara 6, ba mu samu barci ba sai da muka kawo jaka guda muka sa a garke. Jaki ya tsani duk wani dangin kare, da haƙori da kofato yake bin sa. Maƙwabtanmu kuma manyan fararen karnukan nan Great Pyrenees suke ajiyewa. Sannan masu jego a riƙa shigar da su garka kusa da gida kafin magariba har 'ya'yan su yi ƙwari. Jakin kuma, mace ɗaya za ka saya ko dandaƙaƙƙe, kada ka kawo biyu, sai su haɗa kai su manta da awakin.

Mai Awaki, San Angelo: Hajiya kin yi gaskiya, uwargida ma abin da take faɗa ke nan tun rashin na uku. Zan nemi jakar. Amma madubin ma dole ne, don wanda ya riga ya ɗanɗana ba zai daina ba. To a ba ni sunaye.

Injiniya: A kuɗinka duba Leupold VX-3HD 3.5-10x40, bututunsa inci 1 ne, zai zauna a zobban da Ruger ke sakawa a kwali. Akwai Trijicon AccuPoint 3-9x40, shi ba batir, zaren tara haske ne da rana, da duhu kuma sinadarin tiritiyum ke kunna ɗigon. Sai dai tiritiyum yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka in na hannu za ka saya ka tambayi shekarunsa. Masu batir yawanci CR2032 suke ci, irin na makullin mota, ka ajiye ɗaya a aljihun mota. Direba kuma kada ya ji an watsar da shi, Vortex suna da Crossfire II 3-12x56 da suka yi don masu harbin alade, yana ƙasa da kuɗinka, amma bututunsa 30 ne, sai sabon zobe, ga nauyin da Baba soja ya faɗa. Su Swarovski da Zeiss na sama a bar wa masu rijiyar mai.

Abu ɗaya: kauce wa wanda layin saitinsa ke girma da ƙanƙancewa tare da ninki. Na masu harbin nesa ne, a ninki 3 layin yana komawa kamar silin gashi.

Tsohon Soja: Kuma kada ka yanke hukunci a cikin shago. Sayi a inda suke karɓar kaya in an mayar, kada ka ɗaura shi tukuna don zobe yana barin tabo. Ɗora shi a kan buhun dusa tare da tsohon, ka kafa kwali mai ruwan ƙasa a gindin shinge a yadi 100, ka zana masa kunnuwa. Daga faɗuwar rana ka riƙa leƙa kowanne duk minti 5, ka rubuta lokacin da kunnuwan suka ɓace. Kuma ka kira jami'in kula da namun daji na gundumarku ka sanar da shi za ka riƙa harbi da duhu. Harbin barewa a Texas minti 30 bayan faɗuwar rana ake tsayar da shi, kuma haska ta da fitila laifi ne. Gara ya san koyoti kake bi kafin maƙwabci ya kira shi.

Mai Awaki, San Angelo: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana 12. Na ɗauki 3-9x40 mai ɗigon wuta, na yi gwajin Baba soja da kwalin taliya, yara suka zana masa kunnuwa har da gashin baki. Tsohon madubin a ninki 9 ya rasa kunnuwan minti 14 bayan faɗuwar rana. Da na mayar da shi 4 ya kai 21, Injiniya ka ci. Sabon a ninki 6 ina ganinsu har minti 33, bayan nan kwalin kawai nake gani. Na yi sallah a nan gindin mota tsakanin leƙe biyu, wayar kuma na bar ta a ɗaki, Anti.

Daren Talata abu ya zo ta wurin da na gani rannan. Na sa ɗigon a kafaɗarsa, sai na ga jan abin wuya. Karen maƙwabcina ne. Ban harba ba, na je na same shi da safe, mun yi magana ta fahimta, ya ɗaure shi. Ko shi ke ɗaukar 'ya'yan ko koyotin, ban tabbatar ba, don sawun da na gani a bakin kwalbati bai yi kama da nasa ba. Jaka ta iso ranar Alhamis, har yanzu awakin take kora maimakon ta tsare su.

Hajiya, Fort Worth: Raba su da shinge kwana 10, suna ganin juna suna shinshina, za ta saba.

Direban Tirela: Da mai 56 ne da tun daga nesa ka karanta sunan karen a abin wuyan.

Mai Awaki, San Angelo: Kai dai ba ka saduda. Baba soja, wata matsala kuma: kwanson harsashi yana dukan murfin murɗa saiti na gefen dama in ya fita, har ya fara cin fentin. Haka taka take yi?

Tsohon Soja: Halin Mini-14 ne, da ƙarfi take tofar da kwanso. Sassauta zobban ka ɗan ja madubin gaba ko baya kaɗan, muddin idonka na samun cikakken hoto, ka naɗa wa murfin baƙin salatif na masu wayarin. Ka sake saiti bayan nan fa, harsashi 3 a yadi 100, kada ka ce ai ɗan motsi ne kawai.